Maɗigar Ƴata da Askar Babana

Babana wanzami ne, ubansa ma wanzami ne. A garinmu, wani ƙauye a gefen fadama kafin a shiga Tamaske, da wuya ka sami ɗan ƙasa da shekara arba'in wanda ba askarsa ce ta fara taɓa kansa ba. Har mijina yana ciki. In muka yi ƴar rigima nakan tuna masa cewa babana ya ga ƙoƙon kansa tun yana kwana bakwai a duniya, don haka ya rage mini ɗaga murya.

Tun ina ƙarama nake laɓewa ina kallon askin suna. Da safe, bayan an yanka rago an raɗa suna, sai wata tsohuwa ta fito da jariri a naɗe cikin zane. Baba zai buɗe zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aiki, ya goga aska, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu. Hannun hagu ya tallafi ƙeya, na dama ya ɗauki aska. Abin da ke tsayar mini da numfashi shi ne maɗiga, wurin nan mai laushi a tsakiyar kai da ƙashi bai rufe ba tukuna, wanda ake ganin yana harbawa a hankali. Tsofaffin mata kan kau da ido in aska ta zo wurin. Shi kuwa ko sassauta hira ba ya yi. Yana tambayar mai gida yadda albasa ta yi bana, askar tana bi ta kan maɗiga, gashi yana zuba. Sau da yawa jaririn ko farkawa ba ya yi. Mutane suna cewa asiri ne na gado. Na taɓa tambayarsa, ya ce shi dai bai san komai ba, hannu ne ya sani.

Yana kuma yin ƙaho. Wanda ciwon kai ya dama zai zo ya durƙusa ya sunkuyar da kai, Baba ya aske masa ƙeya, ya ɗan tsattsaga, ya kafa ƙahon ya zuƙe iska, jini ya taru. Ƙeyoyin da ya kafa wa ƙaho ba su ƙirguwa. Na ambaci wannan ne saboda abin da ya zo ya same shi, a daidai nan ya same shi.

Ni an sa ni lakwal, wato makarantar boko, na yi karatu har na zama malamar makaranta a Buza, inda mijina yake aikin malamin gona. Baki gare ni, kowa ya sani. Baba da kansa yakan ce da da baki ake aski, da ni zan gaje shi. Ina da cikin fari wata huɗu aka kira ni a waya aka ce Baba ya faɗi a kasuwar Tamaske.

Yadda aka ba ni labari, da hantsi ne, yana zaune gindin itacen da ya saba zama. Ya gama aske wani, ya sunkuya zai wanke aska, sai ya ce kasuwa tana juyawa. Ya miƙe, ƙasa ta ja shi dama, ya faɗi, amai ya biyo baya, ya dafe ƙeya yana cewa kamar ana sara masa gatari. Aka kawo shi gida a amalanke. Wani wanzami abokinsa ya zo ya kafa masa ƙaho a ƙeyar, tun da nan yake kuka da ciwo. Aka yi rubutu aka ba shi, ya amayar.

Na iso washegari na tarar da zaure cike da masu dubiya, kowa da irin fatawarsa. A abu ɗaya suka haɗu: ba shanyewar jiki ba ce. Mutanenmu sun san shanyewar jiki, sun san baki yakan karkace, hannu da ƙafa su mutu. Baba kuwa bakinsa daidai yake, kuma duk wanda ya shigo sai ya kama hannunsa ya matse don ya nuna ƙarfinsa na nan. Ni ma ya matse nawa har zobe ya shige mini nama.

"Kin gani, Malama?" ya ce. Haka yake kirana in yana tsokana. "Jiri na kawai. Gobe ina tashi."

Amma kalmomin a rarrabe suka fito, wata da ƙarfi, wata da ƙyar, ba irin maganarsa ba. Sai Inna, mahaifiyata, ta miƙo masa kofin ruwa. Ya miƙa hannun dama. Hannun ya taho sosai har ya kusa kofin, daga nan sai ya fara lilo, ya wuce kofin, ya dawo ya sake wucewa, ya buge shi ruwa ya zube a tabarma. Wannan fa hannun da ke bi ta kan maɗiga ne.

Na yi rashin kunya a zauren nan, na sani, kuma har yau ban yi nadama ba. Na ce da dattawa ƙarfin matsa hannu ba lafiya ba ne, a nemo mota yanzu. A Keita majo, wato babban malamin jinya, bai ɓata lokaci ba. Ya ɗaga yatsansa ya ce Baba ya taɓa shi sannan ya taɓa hancinsa. Da hagu ya yi tsaf. Da dama ya soki iska, sannan ya soki kuncinsa. Majo ya ce wannan ba zazzaɓi ba ne, mu wuce Tawa yau, kada mu bari sai gobe.

A Tawa aka ɗauki hoton cikin kansa. Likitan ya kira ni da mijina gefe zai yi mana bayani da Faransanci, Baba ya ɗaga murya daga kan gado ya ce kan nasa ne, a faɗa masa da Hausa. Likitan ya yi dariya ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

Ya ce a ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, can baya a ƙeya, akwai wata ƙarama. Na tuna mun haddace sunanta a makaranta don jarrabawa, na rubuta na wuce, ban taɓa tunanin ina ɗauke da ita ba. Ya ce ba ita ke ba hannu ƙarfi ba, shi ya sa ƙarfin Baba bai tafi ba. Aikinta awo ne. In mutum ya yi niyyar ɗaukar kofi, babbar ce ke ba da umarni, amma ƙaramar ce ke auna nisan kofin, da saurin da hannu zai yi, da inda zai fara rage gudu, da inda zai tsaya cak. Tana gyara hannun yana cikin tafiya, kafin mai hannun ya san an yi kuskure. Haka take yi wa ƙafa in ana tafiya, haka take yi wa harshe, haka take yi wa ido. Kuma tana koyo. Duk abin da mutum ya maimaita har ya daina tunaninsa, da hannunta a ciki.

Sai ya dafa bayan wuyansa ya nuna mana hanyar jini. Jijiyoyi biyu ne suke hawa ta cikin ƙasusuwan wuya, suna bi ta ƴan ramuka kamar zare a cikin carbi. In sun shiga ƙoƙon kai sai su haɗe su zama ɗaya. Daga jikinsu ne rassa uku suke fita ta kowane gefe su shayar da ƙaramar ƙwaƙwalwar. Ɗaya daga cikin na dama ne ya toshe, abu siriri, wataƙila saboda hawan jinin da Baba ya daɗe da shi bai sani ba. Wurin da reshen ke shayarwa ya rasa jini ya lalace. Ya ce kowane gefe hannun gefensa yake yi wa aiki, na dama dama, na hagu hagu, kuma na hagun Baba lafiya lau yake. Ya ƙara da cewa kwanakin farko su ne abin tsoro, domin in wurin ya kumbura, ɗakin ƙunci ne, kuma maƙwabcinsa shi ke riƙe da numfashi.

"Kamar hwangalin albasa ke nan," Baba ya ce a hankali. "In hanyar ruwa ta toshe, wanda ke can ƙarshe shi ka bushewa."

Likitan ya ce haka ne. Baba ya kai hannun hagu ya shafa ƙeyarsa, inda tsagar ƙahon abokinsa ba ta ma warke ba.

"Nan? Nan inda ni ka kahwa ma mutane ƙaho?"

"Nan, Baba. Ƙashi kawai ke tsakani."

Baba ya sauke hannunsa daga ƙeyar. Can sai ya ce, "Shekara arba'in ina ƙwanƙwasa ƙohwa, ban san da mai ɗaki ba. Allah mai iko."

Na fita barandar asibitin na tsaya. Ban san sa'ad da na fara ɗaga yatsa ina taɓa hancina ba, sau ɗaya, sau biyu, ido rufe, kamar wadda ta zare. Kowane karo yatsan yana sauka daidai, kuma ba ni nake auna shi ba. Wata mai sayar da fura ta wuce da ƙwarya a ka, goyo a baya, ta tsallake kwata tana waige tana amsa gaisuwa, ko ɗigo bai zuba ba. Na ga irin wannan sau dubu ban taɓa ɗaukarsa komai ba. Ranar sai da tsigar jikina ta tashi. Na dafa cikina na tuna cewa a wannan lokacin ma ana gina wa wanda ke ciki tasa ƴar ƙwaƙwalwar, da jijiyoyinta shida, ba tare da an tambaye ni ko an nemi taimakona ba. Na ji tsoron Allah irin wanda ban taɓa ji a wurin wa'azi ba.

Kumburin bai zo da ƙarfi ba, Allah ya taƙaita. Aka sallame mu da magungunan hawan jini da na hana jini daskarewa, da umarnin ya yi ta motsa jiki. Jiri ya tafi. Magana ta dawo kusan daidai. Tafiya ta dawo da sanda, ƙafafu a ware kamar mai tsallake kunya a gona. Hannun dama ne ya ƙi. Gida duka muka taru a kansa: Inna ta zube masa wake a faifai ya tsince, ni in na zo hutu in sa shi jera tsakuwa a layi kamar ɗan aji ɗaya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne in hannun yana ajiye a gwiwa, shiru yake, ko gezau. Sai ya nufi wani abu, yana kusantarsa rawar tana ƙaruwa. Wato mai ƙarfin yana nan, mai awon ne ya tafi.

Gari kuma ya yi abin da gari ya iya. Aka fara kiran wani wanzami daga ƙauyen gaba in an yi haihuwa, ba tare da an ce da Baba komai ba. Sai dai a aiko masa da kason naman wanzami kamar shi ya yi aikin. Ya karɓa ya sa albarka, amma Inna ta ce mini ba ya ci. Wata rana da na zo, ya dubi cikina ta gefen ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce da bango, ba da ni ba, "Wanga kam ni za ni yi mishi aski." Na yi murmushi don in faranta masa, gabana kuwa faɗuwa ya yi.

Da cikin ya shiga wata na takwas na dawo gida haihuwa, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Farkon damina na haifi mace.

Wanda bai tashi a wurinmu ba sai na yi masa bayanin kunyar ɗan fari. Uwa ba ta nuna ta damu da ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa in manya na wurin. In ya yi kuka sai ta kau da kai har wata ta ce, ke, karɓi ki ba shi nono. A ce "ɗana" a gaban iyaye kuwa, wannan fitsara ce. Da ina budurwa dariya nake yi wa abin. Da ya zo kaina sai na ji kunyar ta gaske ce, ta rufe ni ruf. Gwaggo, yayar Baba, ita ke yi mini wankan jego, ita ke ɗaukar jaririyar. Ni sai in ɗaki ya zama ba kowa nake jawo ta in zuba wa maɗigarta ido, tana harbawa ƙarƙashin baƙin gashi mai santsi.

Kowace safiya kuma ina jin Baba a zaure yana wasa aska. Kwana uku, kwana huɗu, sautin yana shiga mini har ƙashi. Na rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru, ranar suna za a ɗora kan ƴata a ƙarƙashin hannun da ba ya iya ɗaukar kofi. In na yi magana, na tozarta ubana a cikin gidansa, kuma na yi ta a kan ƴar fari, wadda bai kamata a ji ko zancenta a bakina ba.

Na fara da Inna. Ta ce ita ba ta iya faɗa masa, in rufa mata asiri. Na aika wa mijina. Ya ce ta yaya suruki zai dubi surukinsa ya ce hannunka bai iya ba? Ya je wurin mahaifinsa, wanda aminin Baba ne tun suna yara, tsohon ya ce masa wanzamin gidansu ɗaya ne, ba a sauya shi. Na koma kan Gwaggo tana cikin watsa mini ruwan zafi da ganye. Ta ce, "Sunkuya, ruwa na hucewa." Har da ɗan murmushinta. Da ba gwaggota ba ce, da na faɗa mata baƙar magana.

Rana ta shida, bayan la'asar, mata suna ta daka a tsakar gida, na yafa zane na fita. Mai jego ba ta zuwa zaure, amma na je. Baba yana zaune shi kaɗai, zabira a buɗe a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi. Sannan na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba: na ɗaga yatsana a gaban fuskar ubana.

"Baba, taɓa."

Ya dube ni, ya dubi yatsan. Ya gane. Ya ɗaga hannun dama. Hannun ya taho, ya fara lilo, ya wuce yatsana ta gefe, ya dawo ya bugi wuyan hannuna. Ya sauke shi a gwiwa, hannun ya kwanta shiru kamar ba shi ba.

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Baba, ka yi mini gahwara. Ɗiyata ta."

Na faɗa. Ƴata ce, na faɗa a gaban ubana, da bakina. Na sunkuyar da kai ina jiran ya kore ni.

"To, Malama," ya ce. "Majo hannu biyu ya gwada. Ke guda kika gwada. Ɗaga."

Na sake ɗaga yatsan. Hannun hagu ya taso ya taɓa shi, ya taɓa hanci, ya dawo, ya koma, da sauri har ina jin ɗan bugun a farcena. Na matsar da yatsan gefe, ya bi shi ya same shi. Sai ya ce in miƙo hannuna. Ya shafa ruwan sabulu a damtsena, ya ɗauki aska da hagu. Kafin in ce wani abu ya ja ta daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ban ji komai ba sai sanyi. Na duba, fata fes, ƴan gashin suna kwance a bakin aska.

"Bahago na," in ji Gwaggo daga bayana. Ashe ta biyo ni, jaririyar a kafaɗarta. "Da hauni anka haihe shi. Tsohonmu ya ce ba a yi wanzamin da ka riƙe aska da hauni ba. Rani guda cur hannun ga na ɗaure ga ƙugunshi da tsumma, in za shi ci tuwo, in za shi koyon aski. Ni ka ɗaure mishi da sahe, shina kuka ina kuka."

Hauni shi ne hagu a bakin mutanenmu. Ban taɓa jin wannan labari ba, Inna ma ba ta sani ba. Sannan sauran ya fito. Wata uku ke nan, kullum bayan la'asar, Baba da mahaifin mijina suna kewayawa bayan rumbu wai hira. Da duma Baba ya fara gwada aska da hagu, yana shafa masa sabulu yana kankarewa. Daga nan ya koma ƙwaurinsa. Daga nan amininsa ya cire hula ya ba da kansa, daga baya har gemu da maƙogwaro. Na tuna yadda tsohon ya yi kusan wata ba ya cire hula ko zafi ya kai ina, muna cewa tsufa ne.

Na zauna dirshan a ƙasa. Likita ya faɗa a gabana cewa gefen hagu lafiya lau yake. Na ji da kunnena, na maimaita wa Inna ma. Amma wata biyar muna azabtar da hannun dama da wake da tsakuwa, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in dubi ɗayan ba, domin a wurinmu hagu ba hannun aiki mai daraja ba ne. Ni da nake taƙama da boko, ni ce nake buge hannun yara a aji in sun ɗauki alli da hagu. Hannun nan kuwa an ɗaure shi, an hana shi, an mai da shi mai tallafe ƙeya kusan shekara sittin, amma mai awonsa yana nan a ƙarƙashin ƙashi, jini yana kai masa ba fashi. Da aka kira shi ya amsa.

"Amma da saura," Baba ya ce. Ya daina tsokana. "Aski hannu biyu na. Guda ya yi aski, guda ya riƙe kai. Wanga na dama ba ni kai shi kusa da ita. Gwaggonki ido ya yi rauni, hannu ya tsuhwa. Ina son hannun da ba shi motsi ko an yi tsawa. Kuma mutane za su magana, su ce an taɓa jinjira da hauni ranar sunanta." Ya rufe zabirar. "Kin ce ɗiyarki ta. To, ke ka zaɓi. In kin ce a kira na ƙauyen gaba, a kira shi, ba ni hushi."

Ƙarya yake yi, zai ji ciwo har ya mutu, mu duka mun sani. Amma da gaske ya bar mini zaɓin. Na dubi damtsena inda askar ta bi. Na shafa wurin, na sake shafawa, ina neman ko ƙwarzane ɗaya. Ban samu ba.

Washegari da safe aka yanka rago, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino. Jama'a suka ragu, saura dattawa kaɗan a bakin zaure da mata cike da tsakar gida. Aka shimfiɗa tabarma, Baba ya zauna ya buɗe zabira. Aka ce a fito da jaririya. Gwaggo ta miƙo hannu za ta ɗauke ta, na ce ta bari.

Da na fito da ita a hannuna, dakan da ake yi ya tsaya. Wata ta ce, "La ilaha, ɗiyar hwari!" Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na taka har tabarmar na zauna gaban Baba, na kwantar da ita a cinyata, na sa tafin hannuna a ƙarƙashin ƙeyarta. Ƙeyar duka ba ta cika tafina ba. Ɗumi gare ta, kuma na san abin da ke ciki.

Baba ya jiƙa kan. Ya ɗora hannun dama a gwiwa, ya ɗauki aska da hagu.

"Da hauni?" wani dattijo ya ce, ba a hankali ba.

Mahaifin mijina ya cire hularsa ya sunkuyo da kansa yana ƙyalli a rana. "Wanga kan da kuka gani, hauni ya yi shi," ya ce. "Wanda ya ga tabo shi nuna." Aka yi ƴar dariya, dattijon ya ja bakinsa.

Baba ya yi bisimilla ya fara daga goshi. Ina jin tafiyar askar a tafina, wani ɗan kaɗawa mai laushi da ke ratsa kan. Ya yi gefen dama, ya yi na hagu, ina juya masa kan yadda ya nuna da haɓa. Saura tsakiya. Tsofaffin mata suka kau da ido kamar yadda suka saba. Ni ban kau ba. Maɗigar tana hawa tana sauka, askar ta zo bakinta, sai na ji Baba yana tambayar amininsa ko ya gama shukar gonarsa ta tudu. Kafin tsohon ya amsa, askar ta wuce, gashin ya zubo a zanena. Fatar ta fito fes, tana harbawa yadda take yi. Yarinyar ta motsa baki kamar mai tsotso, ta ci gaba da barcinta.

Wata ta rangaɗa guɗa, saura suka kama. Baba ya goge aska ya ajiye. Saura abu ɗaya da yakan yi a ƙarshen kowane askin suna: ya dafa kan jariri ya sa masa albarka. Wannan kam ba a yi da hagu, shi ma bai yi niyyar yi da shi ba. Ya ɗaga hannun dama daga gwiwa. Hannun ya taho, ya kusa kan, ya fara lilo a iska a gaban kowa. Na ga ya cije leɓe zai janye shi.

Na sa ɗayan hannuna na kama shi. Na sauko da shi a hankali na ɗora a kan ƴata, na bar nawa a bisa nasa. Da ya sami wurin kwanciya sai ya yi shiru, ko gezau, yadda yake yi a gwiwa. Muka zauna haka, ni da shi, maɗigar tana harbawa a ƙarƙashin hannuwanmu, sannan Baba ya ce, "Allah shi raya muna ita."